Maƙama ta Goma da Rezar da Ta Bi Ta Kanta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, a watan da ya wuce na ɗauko Maƙamatul Hariri daga kabad ɗin littattafai na masallacinmu, domin nawa kwafin yana hannun wani ɗalibi. Ina buɗawa sai na ga maƙama ta tara ta ƙare, ta goma sha ɗaya ta fara. Ta goma babu ita. Da reza aka bi gindin ganyayyakin aka yanke su a tsanake, ba aikin gara ba ne, ba kuma ɓarnar yara ba. Ban tambayi wanda ya yi ba, kuma ba zan tambaya ba, don na san bai yi da mugun nufi ba. Bayan kwana biyu wani dattijo daga cikin iyayen ɗalibai ya tsayar da ni bayan Isha'i, ya ce, "Liman, ashe har da irin wannan zance a littattafan da kuke karantar da yaran nan?" Na ce, "Alhaji, har da shi, kuma tun kafin a haifi kakannina da naka." Na yi masa alkawarin zan rubuta bayani a wannan fitowa, don abin ya fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa.

Mai littafin shi ne Abu Muhammad Alƙasim ɗan Aliyu Alhariri, mutumin Basra. An haife shi a shekara ta 446 bayan Hijira (1054), ya rasu a 516 (1122). Ɗalibanmu sun san shi tun kafin su kai ga Maƙama, domin shi ne mai Mulhatul I'irab da ake haddacewa a nahawu. Maƙamominsa hamsin ne, kuma ya bi sawun Badi'uz Zaman Alhamazani ne, wanda ya rasu a 398 (1008). A kowace maƙama akwai mai ba da labari, Alharis ɗan Hammam, da wani tsoho mai zaƙin baki, Abu Zaid mutumin Saruj, wanda ke yawo gari gari yana cin abinci da harshensa. Yau ka gan shi mai wa'azi a maƙabarta, gobe makaho a masallaci, jibi mai ƙara a gaban alƙali. Kullum sai ya kwashe kuɗin jama'a sannan Alharis ya gane shi.

To me ke cikin ta goma? Sunanta Rahbiyya, don a garin Rahba aka kafa labarin, a bakin kogin Furatu, cikin ƙasar Siriya ta yanzu. Alharis ya fito da safe ya iske wani tsoho ya cukwikwiye wani saurayi kyakkyawa, yana ihu wai shi ya kashe masa ɗa. Saurayin yana musu, jama'a sun taru, aka yi gaban gwamnan garin. Hariri bai ɓoye wa mai karatu komai ba, ya faɗa a fili cewa wannan gwamna an san shi da karkata ga samari fiye da mata. Gwamna ya nemi shaidu biyu. Tsoho ya ce a daji aka yi kisan, ina zai samo shaida? Sai dai a bar shi ya tsara rantsuwar da saurayin zai yi. Da aka ba shi dama sai ya shirya wata rantsuwa wadda kowace gaɓa tata yabon kyan saurayin ce, da addu'ar Allah ya lalata kyan in ƙarya yake. Saurayi ya ƙi rantsewa, ya ce gara a kashe shi. Suna ta ja-in-ja, gwamna kuwa hankalinsa ya riga ya tafi. Sai ya kawo shawarar sulhu: a biya tsoho zinariya ɗari, shi ya ba da wani kaso ya tattaro sauran, a saki saurayin, da tunanin daga baya zai same shi. Ya ƙirga ashirin daga aljihunsa, ya sa yaransa suka cika hamsin, dare ya yi, aka ce sauran sai gobe. Tsoho ya ce to shi zai kwana yana gadin wanda yake tuhuma.

A nan Alharis ya gane Abu Zaid ne, saurayin kuwa ɗansa ne na cikinsa. Kafin gari ya waye uba da ɗa sun sulale da hamsin ɗin. Abu Zaid ya bar wa Alharis takarda ya kai wa gwamna. Alharis ya ji tsoron kai saƙon da bai san cikinsa ba, ya ɓalle hatimin ya karanta, sai ya ga baitoci ne na ba'a da jaje, da nasiha cewa gwamna ya riƙe idonsa don shi ya ja masa asara biyu. Ya yayyaga takardar ya kama gabansa.

Wannan ke nan abin da aka sa wa reza. Ku duba wanda aka yi wa dariya a ciki. Mutum ne da aka ɗora kan kujerar hukunci, aka kawo masa ƙarar jini, ya manta da jinin, ya shiga cinikin abin da ransa ke so, har ya tatsi yaransa talatin. Hariri ya san abin da yake yi. Da ya sa gwamnan mai kwaɗayin doki ne ko gona, darasin cin amanar kujera yana nan, amma ya zaɓi abin da mutanen zamaninsa suka sani yana faruwa a fadoji, ya kira shi da sunansa.

Yanzu mu ga yadda malaman zamaninsa suka karɓi littafin. A shekara ta 504 (1111) aka karanta Maƙamomin a Bagadaza a gaban Hariri da kansa, malamai suna zaune suna saurare, kuma kwafin da aka rubuta sunayen masu sauraren a jikinsa yana nan a gidan littattafai na Alƙahira har yau. Hamsin ɗin aka karanta, ba arba'in da tara ba. Tun yana raye ɗalibai suka kai littafin Andalus. Almuɗarrizi, wanda ya rasu a 610 (1213), ya yi masa sharhi. Asshirishi na Andalus, wanda ya rasu a 619 (1222), ya yi masa sharhi har uku, babba da matsakaici da ƙarami, kuma babban shi ne wanda malamanmu na zaure ke jingina da shi. Wanda ya taɓa buɗe sharhin Shirishi a kan maƙama ta goma ya san bai tsallake ta ba, kalma kalma ya bi ta.

Ba wai babu masu suka ba. Hariri da kansa ya san za a soke shi, shi ya sa a gabatarwarsa ya kare kansa, ya ce labaransa kamar tatsuniyoyin dabbobi ne da ake sa wa magana a baki, ba a taɓa jin wanda ya ɗora wa masu ruwaito su zunubi ba, kuma ayyuka suna tare da niyya. Sai Ibnuɗ Ɗiƙɗaƙa, mai littafin Alfakhri da ya rubuta a Mausil a 701 (1302), ya zo ya ce Maƙama ba ta da amfani in ban da koyon rubutu da salo, kuma tana ƙasƙantar da himmar matashi, don an gina ta kan bara da dabarun cin kuɗin mutane. Kun ji abin da ya dame shi. Roƙo da maula, ba gwamnan Rahba ba. Ni ma in za a bar ni in faɗi abin da nake tsoro ga ɗalibi daga Abu Zaid, to wannan ne: ya ga cewa da Larabci mai daɗi ana iya yashe aljihun jama'a. Mun ga irinsu a kan mumbari, ba sai an je Basra ba.

Kuma ba Hariri kaɗai ba ne. Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276 (889), malamin hadisi ne kuma alƙali. A gabatarwar Uyunul Akhbar ya gargaɗi mai karatu cewa zai ci karo da wuraren da aka ambaci al'aura da sunanta, kada ya murtuke fuska ya nuna tsoron Allah na ganin ido, domin zunubi yana cikin cin mutuncin mutane da shaidar zur da ƙarya da giba. Amma ya sa iyaka: bai yarda mutum ya mai da batsa abincin bakinsa na kullum ba, sai inda labari ya buƙata. Abu Nuwas, mawaƙin Bagadaza na zamanin Haruna Rashid da ɗansa Al'amin, ya yi waƙoƙin giya da na son samari da ba zan iya fassara su a masallaci ba. Waɗanda suka tattara diwaninsa, irin su Assuli da Hamza Al'isfahani, sun kasa shi babi babi, na giya daban, na mata daban, na maza daban, na zuhudu da tuba daban, suka bar wa mai karatu ya san inda zai buɗe. Ibnu Jinni, babban malamin nahawu, ya yi sharhin wata waƙarsa. Ibnu Manzur, mai Lisanul Arab da muke buɗawa kullum, ya rubuta littafi guda a kan labaran Abu Nuwas.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ibnu Hazmi na Ƙurɗuba (384 zuwa 456, wato 994 zuwa 1064), mai Almuhalla, mutumin da ake tsoron alƙalaminsa a fiƙihu. Shi ne ya rubuta Ɗauƙul Hamama a kan soyayya, babi talatin: alamominta, yadda take farawa, ɗan aike, mai gulma, rabuwa, mantuwa, mutuwa. A ciki ya kawo labaran mutanen Andalus da ya sani ko ya ji labarinsu, maza da suka kamu da son mata, da maza da suka kamu da son maza, wasu har ciwon ya kwantar da su. Bai yi musu ba'a ba. Ya bambanta abin da ke faɗa wa zuciya ba da zaɓin mutum ba da abin da mutum ke aikatawa da gaɓoɓinsa, sannan ya rufe littafin da babi biyu, ɗaya kan munin saɓo, ɗaya kan falalar kamewa. Hukuncin luwaɗi a wurin waɗannan malamai ba abin ja-in-ja ba ne, haramun ne a dukkan mazhabobi, kuma ɗalibin da ya karanta Risala ya riga ya wuce ta kansa a babin haddi. Sun san hukuncin sarai, kuma da saninsa suka rubuta, suka kwafa, suka karantar.

Wannan littafi na Ibnu Hazmi yana da wani labari da ya shafi rezarmu. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, yana Laidin ta ƙasar Holan, an rubuta shi a 738 (1338), kuma daga shi aka fara buga littafin a 1914. Magatakardan da ya kwafa ya faɗa a ƙarshe cewa ya zubar da mafi yawan waƙoƙin ya bar waɗanda ya ga sun fi kyau, don littafin ya yi sauƙin ɗauka. Ya yi da kyakkyawar niyya shi ma. Abin da ya zubar kuwa ya tafi ke nan, shekara kusan ɗari bakwai ba wanda ya sake ganinsa. Allah ya saka masa da ya faɗi cewa ya rage, da ba mu ma san an rage ba.

To yaushe abin ya juya? Mafi yawa a ƙarni na 19, lokacin injin buga littafi da cuɗanya da Turawa. Rifa'a Aɗɗahɗawi, malamin Azhar da ya raka ɗaliban Masar zuwa babban birnin Faransa a matsayin limaminsu daga 1826 zuwa 1831, ya rubuta labarin tafiyarsa, aka buga a Bulaƙ a 1834. A ciki ya lura cewa Faransawa ba sa waƙar son samari, kuma in suna fassara waƙar Larabci mai irin wannan sai su mai da namijin mace. Ya yaba musu a kan haka. Abin dariya a nan, yau matasa suna zaton Turawa ne suka kawo wannan zance cikin littattafai, alhali a wancan lokaci Turawa ne ke toshe hanci suna cewa adabin Larabawa ya cika batsa, 'yan bokon Larabawa kuma suna jin kunya suna gogewa. A 1889 Shehu Muhammadu Abduhu, wanda daga baya ya zama muftin Masar, ya buga Maƙamomin Alhamazani a Bairut da sharhinsa. Ya cire maƙama guda, Shamiyya, ya kuma rage wasu jimloli a wani wurin. Sai dai ya faɗa a gabatarwa cewa ya cire, ya faɗi dalili, wato kunyar ɗalibai masu tasowa. Ina ganin yana da uzuri, domin injin buga littafi ya canja lissafi. Da can littafi yana hannun malami, sai ya ga dama ya buɗe maka. Da aka fara buga dubbai ana sayarwa a kasuwa, yaro ɗan shekara goma sha biyu yana iya saye ya shige ɗaki shi kaɗai.

A nan ne nake so mu duba namu malaman, don ba su bi hanyar reza ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ida'un Nusukh inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurinsu, ya ambaci mawaƙan jahiliyya shida da Maƙamatul Hariri. Alhaji Umaru na Karaki, wanda ya zauna a Salaga kafin ya koma Karaki ya rasu a 1934, ya mai da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, kuma duk wanda ya karanta Shu'ara ya san Imru'ul Ƙaisi ba waliyyi ba ne. Dabararsu ita ce jeri. Yaro ya sauke Alƙur'ani, ya yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, a gefe yana Ajurumiyya da Ishiriniya da Burda. Kafin a miƙa masa Shu'ara da Maƙama ya yi gemu, sau da yawa ma ya yi aure. Ba a taɓa ce wa ɗalibi "jeka ka karanta Maƙama" ba, sai dai "zo mu karanta". Shawarar littafi a wurinsu ba sunan littafi ba ne kawai, har da lokacin da za a ba ka shi da wanda zai zauna kusa da kai.

Ina tuna ranar da muka iso Rahbiyya a zauren malaminmu, Allah ya jiƙansa. Mu huɗu ne. Akwai ƙananan yara biyu a bakin ƙofa suna wanke alluna, sai ya aike su kai saƙo cikin gida. Ya fassara mana kowace kalma, bai yi dariya ba, bai kuma yi tsaki ba. Da ya zo kan siffar gwamnan ya faɗe ta da Hausa sau ɗaya, ya wuce. Inda ya daɗe shi ne kan shari'ar: ya tambaye mu, in babu shaida a ƙarar kisa, wa ke rantsuwa, kuma mai ƙara yana da ikon tsara lafazinta yadda ya so? Muka koma Risala muna laluben babin ƙasama har aka kira La'asar. Daga ƙarshe ɗayanmu ya yi wata 'yar ba'a, ya ambaci sunan wani mutum a unguwa. Malam ya rufe littafin. Ya ce wanda ya jefi Musulmi da wannan ba shi da shaidu huɗu, bulala tamanin ke kansa, kuma gwamnan Rahba mutumin takarda ne ba ya jin zafi, wancan kuwa yana da uwa da 'ya'ya. Kwana uku bai ba mu karatu ba.

Na san abin da Alhaji zai ce, kuma yana da gaskiya: yau ba Maƙama ce ke hannun yaranmu ba, waya ce. A cikinta akwai ƙagaggun labarai na Turanci da Faransanci da Larabci waɗanda gaba ɗayansu a kan namiji mai son namiji ne ko mace mai son mace, kuma ba irin na Hariri ba ne. Hariri yana tsaye a waje yana nuna maka gwamna. Marubucin zamani yana shigar da kai cikin zuciyar mutumin ne, ka ji tsoronsa da kaɗaicinsa, wani lokaci kuma yana so ka fito ka yarda da ra'ayinsa. Ba daidai ba ne in ce duk ɗaya ne. Wani ɗalibinmu da ya dawo daga karatu a Alƙahira ya kawo mini Imaratu Ya'aƙubiyan na Ala'u Al'aswani, wanda ya fito a 2002, ya ce in gaya masa ko ya halatta a karanta. Na ce ya bar mini shi mako biyu. Labarin mazauna wani dogon gini ne a tsakiyar Alƙahira: attajiri mai sayen kujerar majalisa, ɗan mai gadi da aka hana shiga makarantar 'yan sanda saboda sana'ar ubansa har ya faɗa hannun masu ɗaukar makami, budurwa da masu shago ke cin zarafinta, da wani editan jarida mai neman maza wanda ƙarshensa kisa ne. Da na gama na ce masa akwai shafukan da ban so ba, na faɗa masa ko waɗanne ne, na ce shi da ya kai shekara ashirin da bakwai kuma ya zauna a garin zai amfana da shi, amma kada ya ba ƙaninsa da ke aji uku na sakandare. Da wani ya tambaye ni wani littafin na Turanci da ban karanta ba, na ce masa ban karanta ba, ba ni da fatawa a kansa. Bai ji daɗi ba, yana so in ce haram ko halal ya tafi. To ni ban ga inda Shirishi ya yi sharhin maƙamar da bai karanta ba.

Game da kwafin masallaci, na sa wani ɗalibi mai kyan hannu ya kwafo Rahbiyya daga nawa, ganye huɗu, mun liƙa su a gurbinsu, na rubuta a gefe cewa an mayar da su a wannan shekara. Kwamiti ya yarda a ɗauke Maƙama da Shu'ara da diwanai daga kabad na ƙasa a mai da su na sama mai makulli, makullin yana wurin ladan, a ba wanda ya gama Risala ko wanda malaminsa ya aiko. 'Yan ajin Maƙama za mu karanta ta goma ranar Asabar bayan La'asar in Allah ya kai mu, kowa ya zo da Risalarsa. Na gayyaci Alhaji, ya ce zai zo ya zauna daga baya.